Lafiya Uwar Jiki: Yaro Ya Ce Zai Fara Ɗaga Ƙarfe, Wane Tsari Za A Ɗora Shi A Kai?

 

Wata baiwar Allah da ke sana'ar turare da atamfa a Jidda ta turo mini saƙo tun watan jiya. Ɗanta mai shekara 19, wanda ta bari wurin kakarsa a Mai Wurno, ya hana ta sakat: sai ta turo masa kuɗi ya sayi ƙarfe da wani gari da aka ce yana ƙara tsoka. Ta ce ita ba ta ƙi ba, don gara ya ɗaga ƙarfe da ya zauna a majalisar banza, amma tana tsoron kada ya karya kansa. Ta tambaye ni wane tsari ya kamata ya bi. Hajiya, ki yi mini afuwa da jinkirin amsa. Irin wannan magana ta faru a cikin gidanmu, kuma na so in ga ƙarshenta kafin in buɗe baki.

Ɗan ƙanwata ne. Saurayi ne siriri, yana dako da lodi a kasuwar hatsi, shi ke ɗauke da rabin cefanen gidansu tun da mahaifinsa ya kwanta. Da aka samu sararin komawa harkoki bayan sojoji sun karɓe Wad Madani a Janairun 2025, shi da abokansa suka haɗa abin da suka kira wurin hadid a bayan wani kango: bututun ruwa, an cusa kowane gefensa a gwangwanin madara an zuba siminti. Tsarin kuwa daga waya suka ɗauko shi, wurin wani ƙaton Bature mai damtse kamar turmi. Kwana shida a mako. Asabar ƙirji, Lahadi baya, Litinin kafaɗa, haka dai har Alhamis, kowace rana motsi kala shida ko bakwai. A mako na uku ya sunkuya zai fizgo ƙarfen da ko nauyinsa bai sani ba, da yamma, bayan ya wuni yana sauke buhuna. Bayansa ya riƙe. Kwana ashirin da wani abu bai ɗauki ko kwano ba. Likitan da ya duba shi ya ce Allah Ya taƙaita, tsoka ce ta yage, ba ƙashi ba ne. Amma kwana ashirin ba dako, a gidan da ake jiran abin da ya samo kafin a ɗora tukunya, ai kun san abin da ake nufi.

Da na je gaishe shi, uwarsa ta tare ni tun daga ƙofa. "Yaya, ka yi masa magana. Ni na ce ƙarfen nan ya fita daga gidan nan." Shi kuma yana kwance a kan angarib, ya ce, "Kawu, wallahi ba ƙarfen ba ne, ni ne na yi gaggawa." Na ce masa, "Ɗana, rabin gaskiya ka faɗa. Gaggawa ta ci ka, amma tsarin da ka ɗauko ma ba naka ba ne."

To bari mu shiga maganar tsarin.

Duk sabon shiga da ya buɗe waya yana neman yadda zai fara, kusan abu uku zai ci karo da su. Na farko shi ne wanda ya kwantar da yaron namu, wato a raba jiki gunduwa-gunduwa, kowace gaɓa da ranarta. Wannan tsari ne na masu gasar nuna tsoka, mutanen da suka shekara biyar ko goma suna abin, waɗanda aikinsu ke nan: su ɗaga, su ci, su kwanta. Da yawansu ma akwai allurar da ke taimaka musu, ba za su faɗa a bidiyo ba. Ga sabon shiga illarsa biyu ce. Kowace tsoka sau ɗaya tak take samun aiki a mako, alhali jikin sabo yana farfaɗowa cikin kamar kwana biyu, ya sake neman wani. Sannan idan ranar kasuwa ko tafiya Gadarif ta cinye maka kwana biyu, shi ke nan tsarin ya wargaje, ƙafa ta yi mako biyu ba a taɓa ta ba. Kuma na lura ranar ƙafa ce kullum ake tsallakewa. Shi ya sa za ka ga saurayi sama kamar sa, ƙasa kamar zalɓe.

Na biyu shi ne wanda ake kira biyar-sau-biyar. Tsohon tsari ne mai asali. Wani mai horar da 'yan wasa a Amurka, Bill Starr, ya yaɗa shi a littafinsa na 1976, daga baya aka yi masa kwaskwarima kala-kala, har da manhajar waya mai suna StrongLifts. Motsi biyar ne kacal, kwana uku a mako, kowane motsi a yi shi sau biyar a huta, har zubi biyar. Ana farawa da sandar ƙarfe zalla, mai kilo 20, kullum aka dawo a ƙara kilo 2.5. Ni ina ganin girman wannan tsari, kuma wanda ke Jidda ko Kano ko Alƙahira, kusa da gidan motsa jiki mai cikakkun kaya, ya bi shi, ba zai yi da-na-sani ba. Sai dai yana da sharaɗi. Yana buƙatar faifan ƙarfe ƙanana masu kilo ɗaya da kwata, da maratayin da zai tare ƙarfen idan ya fi ƙarfinka, da wanda ya iya da zai tsaya a kanka. Ku yi lissafi irin namu na kasuwa: ƙarin kilo 2.5 sau uku a mako, kilo 7.5 ke nan. Cikin mako 12 wanda ya fara da 20 ya doshi 110 a wuyansa. A ƙauyen da ba marataya, ba malami, sai bututu da siminti, wannan ba abin da zan ce wa ɗan wani ya gwada ba ne.

Na uku shi ne nawa, kuma shi na ɗora yaron a kai da ya warke. A motsa jiki gaba ɗaya a zama guda, kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Mu Asabar, Litinin da Laraba muka zaɓa, Alhamis da Juma'a a huta. Nauyi matsakaici, wanda mutum zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da jikinsa ya karkace ba. Kowane motsi zubi uku, da hutun minti biyu tsakanin zubi da zubi. Duka-duka minti arba'in zuwa hamsin an gama.

Wannan ma ba ni na ƙago shi ba. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, shi ya fito da shi a 1945, lokacin da asibitoci suka cika da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ga masu raunin gwiwa suna daɗewa ba su miƙe ba, sai ya riƙa sa su ɗaga nauyi ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka daidaita abin a kan zubi uku, kowane zubi sau goma. Abin da ya ja hankalina shi ne, don raunana aka tsara shi tun asali, mutanen da suka rame a gadon asibiti. Duk wanda ya ga yadda samarinmu na Jazira da Sinnar suka dawo gida bayan gudun hijirar da aka sha tun daga 2023, ya san da yawansu sun fi kusa da waɗancan sojoji fiye da ƙaton cikin waya.

Motsin guda biyar ne, kuma babu wanda baƙo ne a wurinmu. Akwai tsugunno: ka rungume nauyi a ƙirji, ka tsuguna har cinya ta daidaita da gwiwa, dugadugai a ƙasa, ka miƙe. Akwai ɗagowa daga ƙasa, wanda shi ne uban tafiyar, kuma shi ne ya kayar da yaronmu, don haka zan tsaya a kansa. Nauyin ya kasance dab da ƙafarka, kusan yana gogar ƙwauri. Ka tura ɗuwawu baya kamar mai rufe ƙofa da su, gadon baya a miƙe, ka cika ciki da iska ka ɗaure shi, sannan ka taka ƙasa da ƙarfi ka miƙe a hankali. Ba fizga. Ba juya ƙugu alhali nauyi na hannu. In za ka juya, ɗaga ƙafa ka juya gaba ɗayanka. Tsofaffin 'yan dako na kasuwar Madani da suka shekara talatin suna aiki bayansu lafiya, in ka lura da su, haka suke yi ba tare da wani ya koya musu ba. Sai turawa: ka kifa ciki ka dafa ƙasa ka riƙa ture ta, in ya yi sauƙi a ɗora maka ƙaramin buhun yashi a baya, wata rana kuma ka musanya da tura nauyi sama da kai kana tsaye. Sai jawowa: ka dafa benci da hannu ɗaya ka jawo jarka zuwa haƙarƙari, ko ka kama reshe mai ƙwari ka ja jikinka sama. Na ƙarshe, ka ɗauki jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, ka yi taku arba'in ka dawo, kafaɗa a miƙe. Wannan kam ƙannenmu mata da ke ɗebo ruwa za su yi mana dariya, don sun riga mu.

Yaron ya ce, "Kawu, to ina na damtse?" Na ce jawowa da turawa suna ba damtse haƙƙinsa. In ya gama biyar ɗin yana da sauran ƙarfi, ya ƙara zubi biyu na lanƙwasa hannu don ransa ya yi daɗi. Ban hana ba. Saurayi ne, akwai wadda yake so ta gani.

Yanzu ga inda mu 'yan kasuwa muka fi kowa sa'a, kuma a nan ne nake so Hajiya ta saurara da kyau kafin ta tura ko riyal ɗaya. Sirrin abin duka shi ne ƙari kaɗan-kaɗan, kuma ba a ƙara abin da ba a auna ba. Matsalar ƙarfen siminti ke nan: ba wanda ya san nauyinsa, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya, kuma daga wannan sai ka tsallaka zuwa wancan da ya ninka shi. Amma wane gidan ɗan kasuwa ne ba sikeli? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 20, in ka cika ta, kilo 20 ce da ɗan nauyin robar. In ka zuba rabi, 10. In ruwa ya yi maka kaɗan ka cika ta da busasshen yashi, za ta kai wajen kilo 30. Buhun sukari da aka juye, a zuba yashi a ƙananan leda masu kilo ɗaya-ɗaya a jera a ciki a ɗaure, ya zama nauyin da za ka ƙara ko ka rage yadda ka so. Abin da muka yi ke nan. Muka ɗora komai a sikelin shago, muka rubuta nauyin da fenti a jiki.

Ƙa'idar ƙarin kuwa mai sauƙi ce. Ka fara da nauyin da za ka yi sau 8 kana jin da sauran biyu ko uku a jikinka. Kullum ka dawo ka nemi ƙarin ɗaya. Ranar da ka yi 12 a duka zubi uku, jiki bai karkace ba, sai ka ƙara kilo ɗaya ko biyu ka koma 8. Kuma a rubuta. Na saya masa ƙaramin littafi irin wanda muke rubuta bashi, kowace rana kwanan wata, motsi, kilo, sau nawa. Wanda ba ya rubutawa, wata uku zai yi yana ɗaga abu ɗaya yana cewa ƙarfe ba ya karɓarsa.

A sani kuma, makonnin farko ƙarfi ne ke zuwa, ba girma ba. Jijiyoyi ne ke koyon aikin, shi ya sa nauyi ke ta hawa amma madubi bai nuna komai ba. Sai an doshi wata biyu kafin riga ta fara shaida. A nan yawancin yara ke karaya su canza tsari, ko su faɗa hannun masu magani. Ni shawarata, duk tsarin da aka ɗauka a ba shi wata uku cur kafin a yanke masa hukunci.

Akwai gyara ɗaya da ba za ka samu a bidiyon kowa ba, don masu yin bidiyon ba su san rayuwarmu ba. Su suna magana ne da mutumin da ya wuni a kujera. Mu kuwa tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka fara noman auduga a Jazira, da ƙarfin kakanninmu ake cirar audugar nan ana yashe magudanan ruwa, kuma har yau yawancin yaranmu da jiki suke ci. Wanda ya wuni yana lodi ya riga ya yi rabin horonsa. Irin wannan kwana biyu a mako ya ishe shi, kuma kada ya yi ɗagowa daga ƙasa a ranar da ya sauke mota. Ya bar ta sai ranar da ba aiki, da safe. Lokacin girbin dawa ko cirar gyaɗa a rage zuwa zubi ɗaya ko biyu, ko a ajiye gaba ɗaya na mako biyu, ba abin da zai zube. Mai zaman shago, da direban raksha, da mai canji, su ne masu kwana uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, abin da ta ce shi ne kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ba ta ware mata ba, ba ta ware tsofaffi ba. Hajiya, wannan har da ke: jarka mai lita biyar da tashi-zauna daga kujera sun isa farawa, kuma suna taimakon masu ciwon sukari da masu ciwon gwiwa.

Sai abinci, inda kuɗin ya kamata su tafi. Masu bincike sun nuna mai ɗaga ƙarfe yana cin moriyar furotin, wato sinadarin gina jiki, har zuwa kamar giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Yaro mai kilo 60, giram 96 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kun ga in da ƙwai kaɗai za a bi sai ya ci 16, wa zai iya? Amma ba a rasa hanya ba. Gyaɗa giram 100 tana da wajen 25. Kofin madara ko nono wajen 8. Ga ful da safe, ga adas, ga wake, ga kifin kogi, ga dakwa da muke zubawa a salatin tumatir, ga agashe ranar da aljihu ya yarda. A haɗa biyu ko uku daga cikinsu kullum a kan kisra ko asida, a ci a ƙoshi. Ko bai kai 96 ba zai ga canji. Garin gwangwani da yaron ke nema ba haram ba ne, ba kuma sihiri ba ne: yawancinsa daga ruwan madara ake tace shi. Kuɗin gwangwani ɗaya sai su saya masa ƙwai da gyaɗa masu yawa, ga shi a kasuwar da ba mai sa ido ba ka da tabbacin abin da aka zuba a ciki. In kuwa gida ana fama da abin da za a ci sau biyu a rana, to a gaya wa yaro gaskiya: ya yi kwana biyu mara nauyi don lafiya, maganar tara tsoka a jira wadata.

Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne a nisanci ƙwayoyi da allurai. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayarwa a ɓoye, irin waɗanda a Kano ake ce wa sha-ka-fashe, da yawansu dexamethasone ne. Yana kumbura fuska da ciki, yana tara ruwa, yana tayar da sukari da hawan jini, tsokar kuma cinye ta yake yi. Allurar tsoka ta 'yan gasa kuwa tana taɓa hanta da zuciya, tana kuma iya hana namiji haihuwa. Wannan na ƙarshen na faɗa wa samarin kangon, na ga duk sun yi tsit.

Zafinmu ma abin lissafi ne. A watannin Afrilu da Mayu ana wuce digiri 40, don haka ko bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa, da ruwan sha a kusa. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, kuma kada a nemi ƙarin nauyi, a riƙe wanda ake da shi har Salla. Mai hawan jini, mai ƙaba ko gwaiwa, mai ciwon zuciya, da mai sikila ko wanda ya san tana gidansu, su ga likita tukuna. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar ya ba jikinsa mako guda bayan ya warke, ya dawo da rabin nauyi. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu bayan horo ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a gaɓa, ko wanda ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa da dindiris, a tsaya. In fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan horo mai tsanani, asibiti a ranar, don yana iya zama tsoka ce ta narke tana neman toshe ƙoda. Kada a ce ai tsargiya ce irin ta masu wanka a tur'a a yi shiru. Ko ita ce ma, ai magani take so.

Saura tambayar da iyaye ke yawan yi: ƙarfe yana hana yaro tsawo? Likitocin yara sun duba, ba su samu haka ba, muddin nauyin daidai ne kuma akwai babba a wurin. Abin da ke raunata yara shi ne gasar wa-ya-fi-wani, a taru ana ihu a ɗora wa ɗan shekara 14 abin da ya fi shi nauyi.

Hajiya, ga amsarki a dunƙule. Kada ki tura kuɗin gari. Ki sa a nemo masa jarka biyu, buhu, yashi da littafi, a kai su sikeli. In akwai saura, ki bar wa kakarsa ta riƙa saya masa ƙwai da nono. Ki ce duk ranar Juma'a ya ɗauki hoton shafin littafin ya turo miki ta WhatsApp. Daga Jidda za ki ga ko lambobin suna hawa. In ya cika wata uku bai yi fashi ba, lokacin sai a yi maganar sayen ƙarfe na gaske.

Namu yaron yanzu yana mako na tara. Ya fara tsugunno da kilo 12, shekaranjiya na ga 26 a littafinsa. Ɗagowa daga ƙasa na hana shi wuce 40 tukuna, yana ta ƙorafi. Uwarsa har yanzu ba ta sakin fuska in ta ga jarkokin, amma ta daina cewa a fitar da su, har ma ita ke ajiye masa ƙullin gyaɗa. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba saƙon wani ɗan'uwa daga Damazin kan ciwon baya na masu doguwar tafiya a mota.